Sharhi: Wa ke naɗa bishop ɗin Maraɗi, wa kuma ke iya tambayarsa ba'asi?

A shekarar 2024 an yi sauyin shugabanci iri biyu da suka shafi ƙaramar hukumar Ajekoriya da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, kuma babu wanda aka nemi ƙuri'ar mutanen wurin a kansa. Na farko kowa ya ji labarinsa: a watan Afrilu gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a faɗin Nijar, ta maye gurbin magadan gari da kantomomi. Na biyu kuwa a birnin Rum aka sa masa hannu, inda Fafaroma Francis ya amince da murabus ɗin Bishop Ambroise Ouédraogo, ya naɗa Fada Ignatius Anipu, ɗan ƙasar Ghana, ya gaje shi a kan kujerar dayosis ɗin Maraɗi.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Ajekoriya, inda kusan kowa Musulmi ne, da naɗin bishop? Taswirar Cocin Katolika ba ta bar ko taku ɗaya na ƙasa babu mai kula da shi ba. Ajekoriya na cikin dayosis ɗin Maraɗi, kamar yadda Damagaram da Tawa da Agadas da Difa suke ciki. Faɗin wannan dayosis ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 1, wato ya ɗara Najeriya gaba ɗayanta, amma mabiya Katolika da ke cikinsa ba su wuce 'yan dubbai ba. Mafi yawan waɗanda ke cin moriyar makarantun cocin da ɗakunan shan maganinsa da ayyukan ƙungiyarsa ta agaji, CADEV, Musulmi ne. Saboda haka wanda ke riƙe da wannan kujera, da irin ikon da ke hannunsa, da wanda zai iya ce masa tsaya, magana ce da ta wuce harabar coci.

Sunaye uku a asirce

Kundin dokokin cocin na shekarar 1983 bai ɓoye komai ba. Sashe na 377 ya ce Fafaroma ne ke naɗa bishop yadda ya ga dama, kuma daga yanzu ba za a sake ba wata gwamnati ikon zaɓe ko gabatar da suna ba. Sashe na 401 kuma ya buƙaci duk bishop ɗin da ya cika shekara 75 ya miƙa takardar murabus. Ouédraogo, ɗan Burkina Faso da aka haifa a 1948, shi ne ya riƙe Maraɗi tun da Fafaroma John Paul na biyu ya yanke ta daga Yamai a watan Maris na 2001, kuma da ya kai waɗannan shekaru sai doka ta yi aikinta.

Aikin nemo magaji yana hannun jakadan Fafaroma. Jakadan da ke kula da Nijar a Wagadugu yake zaune, domin ofishi ɗaya ne ke haɗa ƙasashen biyu, kamar yadda bishop-bishop ɗinsu ke zama a majalisa ɗaya. Shi ne ke jin ra'ayin sauran bishop-bishop na yankin da wasu manyan limaman dayosis ɗin. Doka ta ce idan ya ga akwai amfani, zai iya tambayar wasu limamai da mabiya na gari, ɗaya bayan ɗaya kuma cikin sirri. Daga nan sai ya aika sunaye uku zuwa Rum. Da yake Nijar na cikin ƙasashen da cocin ke kira filin mishan, takardun kan bi ta ma'aikatar yaɗa bishara ta Vatikan kafin su isa teburin Fafaroma.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Masu zaɓen sarki su miƙa sunaye, gwamna ya ɗauki ɗaya, ko ma ya tsallake su duka. An ga haka a Zazzau bayan rasuwar Sarki Shehu Idris a 2020, lokacin da Gwamna Nasir El-Rufai ya naɗa Ahmed Nuhu Bamalli, alhali jaridu sun ruwaito cewa ba ya cikin ukun farko da masu zaɓen sarki suka gabatar. Amma a Zazzau sunayen sun fita fili, mutane sun yi ta cece-kuce, har maganar ta kai kotu. A coci duk wanda aka tambaya ana ɗaure shi da alƙawarin rufe baki, kuma sashe na 333 ya ce babu ɗaukaka ƙara a kan hukuncin Fafaroma. A wannan fuskar ma sarautar gargajiya ta Nijar ta fi buɗewa, domin masu gari ne ke kaɗa ƙuri'a su zaɓi shugaban kanto kafin gwamnati ta tabbatar da shi.

Wannan ba ya nufin zaɓin 2024 an yi shi da ka. Anipu ɗan ƙungiyar Masu Mishan na Afirka ne, waɗanda aka fi sani da Fararen Fada saboda farar rigarsu. Ya zauna a majalisar ƙoli ta ƙungiyar a Rum, ya kuma shugabanci cibiyar horarwa kan dangantakar Musulmi da Kirista da ke Bamako. A yankin da aka ƙona coci-coci a Damagaram a watan Janairun 2015 kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, aka kuma ƙona wata majami'ar da ba ta Katolika ba a birnin Maraɗi a watan Yunin 2019, ana iya fahimtar abin da Rum ta duba. Tana son mutumin da ya san yadda ake zama da malamai da sarakuna.

Sarki a dayosis ɗinsa

Yawancin mutane suna ɗauka cewa bishop wakilin Fafaroma ne, kamar gwamnan jiha a Nijar da ake naɗowa daga Yamai. Doka ba haka ta ce ba. Da zarar ya hau kujera, ikon da ke hannunsa nasa ne na kansa, kuma sashe na 391 ya tattara masa ikon kafa doka da zartarwa da shari'a a wuri guda. Shi ke tura limami wata ikilisiya ko ya ɗauke shi, shi ke buɗe makaranta ko rufe ta, shi ke naɗa alƙalan kotun cocin. Babban bishop na Yamai, Laurent Lompo, shi ne shugaban lardin da Maraɗi ke ciki, amma iyakarsa ya sa ido ya kai rahoto Rum idan ya ga ɓarna. Ba shi da ikon ba Maraɗi umarni. Majalisar bishop-bishop ta Burkina da Nijar ita ma ba za ta iya tilasta masa ba, sai a 'yan abubuwan da doka ta ware. Idan kuwa laifi ne babba, Fafaroma kaɗai ke iya yi wa bishop shari'a.

Akwai majalisu a gefensa, sai dai idan aka duba su da kyau za a ga yawancinsu na shawara ne. Majalisar limamai wajibi ce, amma shi ke kiran zamanta, shi ke tsara abin da za a tattauna. Majalisar kuɗi ita ce mai ɗan haƙori, domin akwai manyan hidimomi da sayar da kadarori da ba zai yi ba sai da amincewarta. To amma wa ke naɗa mambobinta? Shi ne. Majalisar da mabiya na gari ke zama a cikinta kuwa, kundin 1983 bai ma wajabta kafa ta ba, ya bar wa bishop ya duba ko yanayi ya dace. Bayan wannan sai rahoton da yake kai wa Rum duk shekara biyar.

A manyan dayosis irin na Legas ko Kinshasa, yawan limamai da lauyoyi da 'yan jarida da attajiran da ke cikin coci shi kansa birki ne, ko da doka ba ta rubuta shi ba. A wuri irin Maraɗi wannan birkin ba shi da ƙarfi. Mabiyan kaɗan ne, a warwatse suke tsakanin garuruwan da ke nesa da juna da ɗaruruwan kilomita, kuma da yawansu asalinsu daga Benin da Togo da Burkina da Najeriya ne, sun zo aiki ko kasuwanci. Wanda yake ganin kansa baƙo, kuma tsiraru a cikin tsiraru, ba kasafai yake ɗaga murya a kan shugabansa ba. Wannan ba zargi ba ne a kan wani bishop da ya riƙe Maraɗi. Tsarin ne aka gina shi ta yadda komai ya rataya a kan halin mutum ɗaya: idan an dace da nagari an huta, idan ba a dace ba sai jiran Rum.

Darasin Ahiara

Duk da haka takarda daban, abin da ke faruwa a ƙasa daban, kuma babu inda ya nuna haka kamar Ahiara a jihar Imo ta Najeriya. A watan Disambar 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa Fada Peter Okpaleke bishop ɗin wurin. Limamai da mabiya na yankin Mbaise suka ce ba su yarda ba. Okpaleke Ibo ne kamar su, amma daga jihar Anambra, su kuma suna ganin yankinsu ya haifi limamai masu tarin yawa, bai kamata a ɗauko musu shugaba daga wani wuri ba. Sai a wajen dayosis ɗin aka yi bikin keɓe shi a 2013, kuma bai taɓa samun shiga ya zauna a kujerarsa ba.

A watan Yunin 2017 Fafaroma Francis ya fito da sanda. Ya ba kowane limamin Ahiara kwana 30 ya rubuto masa takardar neman gafara da alƙawarin biyayya, wanda ya ƙi kuma a dakatar da shi. Takardu sun isa Rum, amma ƙofar Ahiara ba ta buɗe ba. A watan Fabrairun 2018 Okpaleke ya yi murabus, Fafaroma ya karɓa, ba a kuma ga guguwar dakatarwar da aka yi barazana ba. Rum ta rama ta wata hanyar: ta ƙirƙiro dayosis ɗin Ekwulobia a 2020 ta ba shi, a 2022 kuma aka yi masa kadinal. Shi kaɗai ne ɗan Najeriya da ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen Fafaroma na watan Mayun 2025.

Akwai abin ƙi a cikin rikicin Ahiara, domin hujjar ɗan ƙasa da baƙo ita ce dai wadda ta daɗe tana cin Najeriya, kuma cocin da ke cewa shi na duniya ne ba zai so ta zama doka a cikinsa ba. Amma rikicin ya tona wani abu: mutumin da babu kotun da ke sama da shi ya kasa zaunar da bishop a kan mutanen da suka ƙi shi. Da ma a watan Janairun 2024 an sake ganin makamancin haka, lokacin da bishop-bishop na Afirka ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa suka ce ba za su aiwatar da takardar Vatikan da ta halatta sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba, kuma Rum ta bar su a kan matsayinsu.

Maraɗi ba Ahiara ba ce. Bishop biyu ta taɓa yi, dukansu daga waje, kuma an karɓe su lami lafiya. Amma dalilin a fili yake: babu tarin limamai 'yan ƙasa da za su ce ga namu. Cocin Katolika ya kafa hukumarsa ta farko a Yamai tun 1942, amma sai a 2013 aka sami ɗan Nijar na farko da ya zama bishop, wato Lompo, Bagurmance daga yammacin ƙasar. Kafin shi Turawan Faransa ne suka riƙe Yamai, daga Hippolyte Berlier zuwa Michel Cartatéguy.

A tsallaken iyaka kuwa, ƙasa da kilomita 100 daga Maraɗi, labarin ya sha bamban. A watan Oktoban 2023 Francis ya yanke dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato da Bishop Matthew Hassan Kukah ke riƙe da shi, ya ba Fada Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, wanda aka yi ta bayyanawa a matsayin Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika. Harshe ɗaya ake yi a Katsina da Maraɗi, tarihi ma ɗaya ne, tun da sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Amma a tsarin coci ɗaya na kallon Kaduna da Abuja, ɗaya na kallon Yamai da Wagadugu. Iyakar da Turawa suka shata ta shiga har cikin taswirar addini.

Mai kuɗi da mai ma'aikata

Inda ikon bishop na Maraɗi ke da iyaka ta gaskiya shi ne wajen mutane da kuɗi, kuma waɗannan iyakoki daga waje suke zuwa, ba daga mabiyansa ba. Limamin da ke cikin ƙungiyar mishan yana da iyayengiji biyu. A aikin ikilisiya yana ƙarƙashin bishop, amma shugaban ƙungiyarsa ne ke turo shi, kuma yana iya janye shi. Idan wata ƙungiya ta ga tsaro ya taɓarɓare, ko ma'aikatanta sun yi ƙaranci, ta kwashe mutanenta, bishop ba shi da abin yi sai lallashi. Sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, a Bomoanga da ke cikin dayosis ɗin Yamai a watan Satumbar 2018, wanda sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, ya sa wannan lissafi ya ƙara tsanani ga duk mai tura ma'aikata Nijar.

Kuɗi ma haka. Baikon 'yan dubban mabiya ba zai riƙe makarantu da asibitoci da motocin da ke ratsa hamada ba. Tallafi na zuwa ne daga asusun mishan na Rum da ƙungiyoyin Katolika na Turai da Amurka, kuma mai ba da kuɗi yana da sharuɗɗansa da masu bincikensa. Sakamakon shi ne rahoton kuɗi ya fi tafiya sama da waje fiye da yadda yake sauka ƙasa, ko da yake sashe na 1287 ya ce a riƙa yi wa mabiya bayanin abin da suka bayar. Yanzu kuma wannan rijiya tana ja da baya. Rufe hukumar USAID da gwamnatin Donald Trump ta yi a 2025 ya girgiza ƙungiyar CRS ta Katolikan Amurka, wadda ta daɗe tana aiki a Nijar. A cikin gida kuma hukumomin soja sun janye lasisin ƙungiyar ACTED ta Faransa a watan Nuwambar 2024, suka kuma sallami ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya a farkon 2025. A lokacin da kalmar 'yancin kai ke bakin kowa a Yamai, hukumar da shugabanta da ma'aikatanta da kuɗinta duk daga waje suke dole ta riƙa taka-tsantsan.

Akwai kuma masu aikin da ba su da kujera a wurin yanke shawara. A ƙauyukan da limami ba ya zuwa sai jefi-jefi, katikis ne ke jan addu'a da koyarwa da binne mamaci. Sistoci kuma su ne fuskar cocin da talakan Maraɗi ya fi sani. Marigayiya Sista Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta kafa ƙungiyarta a Maraɗi a 2006, ta yi shekaru tana zama da masu gari da limaman masallatai kan auren wuri da karatun 'ya'ya mata da yunwar yara, har ta rasu a 2021. Tasirinta a karkara ba ƙarami ba ne, amma a dokance ikon mulki a coci yana tafiya ne da naɗin limanci, wanda maza kaɗai ake yi wa.

Abin da sinod ta yi alƙawari

Wannan giɓi ne Francis ya yi ƙoƙarin taɓawa da babban taron tuntuɓa, wato sinod, da ya gudana daga 2021 zuwa 2024. A zaman 2023 mata sun kaɗa ƙuri'a a karon farko. Takardar ƙarshe ta ranar 26 ga Oktoban 2024 ta nemi a wajabta majalisun da mabiya ke ciki, a riƙa fitar da rahoton kuɗi duk shekara, in da hali masu bincike na waje su duba shi, a kuma ƙara wa jama'a murya wajen zaɓen bishop. A Vatikan kanta ya naɗa Sista Simona Brambilla shugabar wata ma'aikata a watan Janairun 2025, abin da ba a taɓa yi wa mace ba.

Sai dai takardar nan ita da kanta ta ce ikon yanke hukunci na bishop ba abin da za a ƙwace ba ne, iyaka kada ya yi watsi da shawarar da aka ba shi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Kuma aiwatar da ita a kowane dayosis yana hannun bishop ɗin wurin. Wato an ce wa mai riƙe da wuƙa da nama ya rage wa kansa kaso. Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025, wanda ya gaje shi kuma, Leo na 14, ya san wannan harka ciki da bai, domin shi ne ya shugabanci ma'aikatar da ke tace sunayen bishop-bishop na yawancin dayosis-dayosis na duniya tun 2023. Ya bar jadawalin yadda yake: kowane dayosis zai yi taron auna kansa a farkon rabin 2027, a yi babban taro a Rum a watan Oktoban 2028.

A Maraɗi ba a buƙatar jiran Rum kafin a ga ko abin ya kankama. Za a gani a ko majalisar mabiya tana zama a kan lokaci, ko akwai katikis da mata daga nesa irin su Difa da Arlit a cikinta, ko da Hausa ake tattaunawa ko da Faransanci kaɗai, da kuma ko iyayen yaran makarantun mishan, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suna da inda za su kai kuka a saurare su.

Anipu an haife shi a 1959, don haka a 2034 ne doka za ta buƙaci ya miƙa tasa takardar murabus. Horar da limamin Katolika kan ci shekara takwas zuwa goma, kuma sashe na 378 ya ce ba a yi wa mutum bishop sai ya kai shekara 35 da haihuwa, ya kuma yi aƙalla shekara biyar yana limanci. Ke nan yaron Dakoro ko Tasawa da zai shiga makarantar limanci a bana ba zai cika sharaɗin ba a lokacin. Idan za a ga sunan ɗan Nijar a cikin ukun da jakadan Wagadugu zai aika Rum, to daga cikin 'yan limaman da suka riga suka fara aiki ne zai fito.